Baƙuwar cin rani mai jar jela

Sunan Kasuwar Kurmi kansa shaida ne: kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta a ƙarni na 15, bakin rafin Jakara kurmi ne mai duhuwa. Yau itatuwan sun ƙare, rafin ya koma magudana. Don haka mai son ganin tsuntsuwa mai jar jela, wadda masana ke kira Phoenicurus phoenicurus, sai ya bi Jakara ya fita bayan ganuwa, ya nufi lambuna da gonakin wajen Wasai, inda gawo da bagaruwa suka ɗan rage.

Fara da sanin lokacinta. A dazuzzukan Turai take sheƙa, cikin kogon itace. Idan sanyi ya ƙarato can, sai ta ƙetare Bahar Rum da Sahara, galibi da dare, ta iso mana wajen Oktoba, ta juya a Maris ko Afrilu. A nan ba ta ƙwai, cin rani kawai ya kawo ta.

Sai kamanni. Ba ta kai gwara kauri ba: tsawonta kamar santimita 14, nauyinta wajen giram 15. Namijin bayansa ruwan toka, fuska da maƙogwaro baƙi, goshi fari, ƙirji ja kamar jar ƙasa. Amma a farkon zuwansa launin a dushe yake, sai gab da tafiya yake fitowa fes. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ado. Abin da ba ya ruɗarwa shi ne jela: ja ce a wurin dukansu biyun, tsakiyarta da duhu, kuma da ta sauka a reshe sai ka ga jelar tana karkarwa kamar mai jin ɗari.

Daga nan ka tsaya cak ka kalli halinta. Ita kaɗai take kiwo, ba ta shiga garke. Takan zauna a ƙaramin reshe tana leƙen ƙasa, ta diro ta cafke ƙwaro, ta koma sama.

Gawo na jan ta ne domin shi ke fid da ganye da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ƙwari kuma suka taru a kansa. Darbejiya da muka cika tituna da ita inuwa ce gare mu, amma ƙwarinta kaɗan ne. Shi ya sa raina ke ɓaci duk sa'ad da na ga an sare tsohon gawo an ɗora a amalanke.