Wa Ke Samun Kujera a Kwamitin Daidaito?

A biranen Amurka akwai wani sashe na mulki da ba a kaɗa masa ƙuri'a, galibi kuma ba a biyansa ko sisi. Kwamitoci ne na 'yan sa-kai, mazauna gari, masu ba majalisar birni shawara kan tsarin gine-gine, ɗakunan karatu, wuraren shaƙatawa da makamantansu. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, 2020, ƙananan hukumomi da dama sun kafa wani irin kwamiti na daban, wato kwamitin daidaito, wasu kuma suka farfaɗo da wanda suke da shi. Aikinsa shi ne ya duba ko ayyukan hukuma na isa ga kowa, baƙi da fari, mai hali da talaka, naƙasasshe da baƙon da Turancinsa bai nuna ba. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda ake ɗauko mutanen da za su zauna a ciki, alhali nan ne gizo ke saƙa.

A takarda, hanyar ba ta da wuya. Akawun birni ya fitar da sanarwar gurbi, mai sha'awa ya cike fom, magajin gari ko kansiloli su tantance, majalisa ta amince a zaman da kowa ke iya halarta. A jihar Kaliforniya ma akwai dokar Maddy ta 1975, wadda ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta wallafa jerin kwamitocinta kafin ƙarshen shekara, da ranar da wa'adin kowane mamba zai cika. In gurbi ya buɗe ba zato, ba a naɗa kowa na dindindin sai sanarwa ta yi kwana 10 na aiki a manne.

To, amma wa ke ganin sanarwar? Wanda ya saba leƙa shafin intanet na birni, ya san kansilansa, yana kuma da sukuni da maraice. Sau da yawa mai gidan kansa ne, ko wanda ya yi ritaya, ko lauya. A ɗauki matar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, tana zaman haya, tana da yara biyu. Fom ɗin da Turanci yake, yana neman takardar tarihin aiki da bayanin kwamitocin da ta taɓa zama. Taron kwamitin ƙarfe bakwai na dare ne, lokacin da take jiran bas. In ta ɗauki hutu ladan ranar ya tafi, ga kuɗin mai zama da yara. Ba wanda ya hana ta nema, amma kowane mataki ya tankaɗe ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ko ƙofar zauren ba ta kai ba.

Wani zai ce ai kwamitin shawara ne kawai. Birnin Evanston, arewa da Chikago, ya nuna ba haka ba ne. A 2019 kwamitin daidaito na birnin ya shirya tarukan jin ra'ayin jama'a kan biyan diyya ga baƙar fata, bisa shawarar kansila Robin Rue Simmons. Mutane suka ce gidaje ne kan gaba. A Nuwamba na shekarar majalisa ta ware dala miliyan 10 daga harajin tabar wiwi, a Maris 2021 kuma ta amince da kashin farko: mutum 16, kowanne dala 25,000, daga cikin waɗanda suka zauna a birnin tsakanin 1919 da 1969, zamanin da ake killace baƙar fata a yanki guda ana hana su rancen gida, ko kuma zuriyarsu. Ana ta ce-ce-ku-ce kan shirin, har an maka birnin a kotu a 2024. Duk da haka, tarukan da 'yan sa-kai suka jagoranta ne suka share masa hanya.

Maganin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne kaso. Mu a Najeriya mun san shi, domin sashe na 14(4) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yi la'akari da bambancin jama'a wajen haɗa gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma. Jihar Iowa ta gwada irinsa: tun 1987 ta tilasta daidaita maza da mata a kwamitocin jiha, daga 2012 dokar ta shafi birane da gundumomi, sai aka soke ta a 2024. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yuni 2023 da ya haramta duba launin fata wajen shiga jami'a, lauyoyin birane suna ɗari-ɗari da duk kujerar da aka keɓe wa wani jinsi. Ni dai ina ganin soke dokar Iowa asara ce. Amma kaso kaɗai bai taɓa tambayar wace mace ce ba, ko wane baƙi ne. Ana iya cike kujerun da 'yan boko masu hali na kowane launi, hoto ya yi kyau, matar nan mai aikin dare tana nan inda take.

Shi ya sa matakin jihar Washinton ya fi kwanta mini. A 2022 ta yi dokar da ta ba da damar biyan alawus har dala 200 a rana ga masu ƙaramin ƙarfi, ko waɗanda matsalar da ake tattaunawa ta taɓa su kai tsaye, in sun zauna a kwamitocin jiha, tare da kuɗin mota da na renon yara. Ƙaramar hukuma na iya kwaikwayon wannan ba tare da fargabar kotu ba. Ta kai sanarwa masallaci da coci da shagon aski, ta ɗauki tafinta, ta karɓi buƙata da baki, ta cire sharaɗin takardar tarihin aiki.

Sauran batun shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. Magajin garin da ke naɗa mambobi shi ne kuma wanda za su binciki ma'aikatunsa, kuma ba kowa ke son ɗauko mai sukarsa ba. Kamata ya yi masu tantancewa su haɗa da mutanen waje da ofishinsa, a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a bayyana ma'aunin tun kafin a buɗe fom, a kuma rarraba wa'adin mambobi yadda ba za su ƙare lokaci guda ba, don kada sabon shugaba ya sallame su gaba ɗaya a shekararsa ta farko.