Kirsimati a Rusairis: hutun maƙwabta, kakar manoma

A Yamai ko Maraɗi ko Kano, duk maigidan da ya ga Disamba ta raba tsakiya ya san abin da ke tafe: yara za su dawo hutu, tasha za ta cika, kuɗin mota zai tashi, ko da kuwa shi ba bikin Kirsimati yake yi ba. A wannan karo mun so mu kai ku gabas mai nisa, bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, mu ga yadda waɗannan kwanaki suke zuwa wa danginmu Hausawan Rusairis da na ƙauyukan Jazira.

Ba baƙi ba ne a can. Tun zamanin da ake tafiya aikin hajji a ƙasa, ayari kan yada zango a bakin kogin, a yi noma shekara ɗaya ko biyu a sami guzuri, wasu su wuce Makka, wasu zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ake kira da sunansa kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu, Hausawa suka ƙaru. Daga nan ƙauyuka suka yi ta bin kogi zuwa kudu, har Rusairis da ke gaɓar gabas, tana kallon Damazin a ƙetare. Hausarsu ta sha Larabci, amma idan tsohuwa ta ce maka "sannu da hanya", ba ka bukatar tafinta.

A wajensu Disamba watan kaka ce kafin ta zama watan kowane biki. Riɗi an riga an yanke shi tun wajen Oktoba, dawa ce ke tsaye tana jiran lauje, a Jazira kuma auduga ta fara buɗe baki. Iskar arewa ta sauko, safiya ta yi sanyi, abin da suke kira shita. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai danƙo. Da damina takan riƙe babbar mota kwana da kwanaki, ƙauyen da ke nesa da kwalta ya zama kamar tsibiri. Sai ta bushe ta tsage sannan hanya ke buɗewa. Saboda haka ziyarar da aka ɗage, da ta'aziyyar da ba a samu zuwa ba, da auren da aka sa wa rana "bayan kaka", duk sukan taru a 'yan makwannin nan. Kuɗi sun shigo, hanya ta bushe, kowa ya tashi lokaci guda.

Ita Kirsimati kanta tana da nata tarihi a ƙasar. Kafin rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce ta gwamnati. Bayan rabuwa aka daina ba da hutun, sai a 2019 gwamnatin riƙo ta Abdalla Hamdok ta maido da shi. Mako guda bayanta ga 1 ga Janairu, ranar da Sudan ta sami mulkin kai a 1956, sannan ga 7 ga Janairu, ranar da Kibɗawa da Kiristocin Habasha suke nasu bikin. Manomin Bahaushe ba ya zuwa coci, amma ya san waɗannan ranaku sarai, don a gonarsa suke taɓa shi. Shekara da shekaru manyan gonakin dawa na Agadi da Dali da Mazmum sun dogara da 'yan ƙodago daga kudu da kuma Habasha, da yawansu Kiristoci. Wanda yake so ya yi bikin a gida zai nemi a sallame shi kafin ranar, wanda ya tsaya kuma ya san hannu ya yi ƙaranci, farashinsa zai hau. Mai hankali kan gaggauta yankan dawarsa, ko ya kira gayya, wadda Larabawan wurin ke ce wa nafir. Biyan ma'aikaci haƙƙinsa kafin ranar bikinsa kuwa, a ganinmu, yana cikin abin da ake auna mutuncin mai gona da shi, kuma shi ne ke sa mutumin ya dawo baɗi.

Daga Damazin zuwa Hartum tafiya ce ta fiye da kilomita 500, a bi ta Sinja, a wuce Mai Wurno da Sinnar, a ratsa Wad Madani. A shekarun zaman lafiya mai hali kan hau babbar bas mai sanyi, talaka ya bi hafila, mutumin ƙauye kuma ya ɗare bayan boksi ko lori, a kan buhunan dawa, ya rufe fuska da rawani saboda ƙura. Tattalin matafiyin wannan hanya ba a takarda yake ba, a cikin ƙullin kayansa yake. Uwargida kan toya gyaɗa, ta ɗaure dabino, ta naɗe kisra, wato siririyar wainar dawa da ake ci da miya, don kada a tsaya sayen abincin tasha da mutum shida. Masauki kuwa ba a maganarsa. Kusan kowane gari a kan hanyar yana da unguwar Hausawa, kuma sauka a otal alhali kana da dangi a garin abin kunya ne ga ɓangarorin biyu. Sai dai baƙon kirki ba ya shiga hannu rabbana: ɗan buhun dawa, ko busasshen kifi daga tafkin madatsa, ko ƙullin kuɓewa, shi ne kuɗin ɗakinsa. Mun lura wannan tsari ya fi na otal arha, amma ba kyauta ba ne, domin wanda ya sauke ka bana zai sauka a wurinka baɗi.

Akwai shekarun da lissafin ya cuɗe gaba ɗaya. A 2000 Ƙaramar Salla ta faɗo kwana biyu ko uku bayan Kirsimati, a 2006 kuma Babbar Salla ta zo a kwanakin ƙarshe na Disamba. Masallaci da coci suka yi cincirindo a tasha guda, tela guda, kasuwar sukari guda.

Amma babban gwajin watan yana wajen awo. Ana auna dawa da ardab, wato buhu biyu, riɗi kuma da ƙinɗar. Ranar da kowa ya kai amfaninsa kasuwa ita ce ranar da farashi ya fi faɗuwa, kuma buhun da aka sayar da arha a Disamba shi ne za a sake saye da tsada a Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya ta toshe. Kowa ya san haka, amma ba kowa ke da ikon jira ba, saboda wani tsohon tsarin bashi da ake kira shail. Da damina, sa'ad da gida ba hatsi ga kuma kuɗin noma, manomi kan je wajen ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko kaya, a kan zai biya da buhuna idan kaka ta yi, a farashin da aka yanke tun lokacin, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Kaka na yi mai bashi na bakin masussuka da buhunansa. Mu da muka san yadda ake cin bashin hatsi a ƙauyukan Maraɗi da Katsina ba ma bukatar dogon bayani. Gidan da ya tsira daga shail a shekara, sau da yawa gidan da ya danne zuciyarsa ne a Disambar bara: ya rage shagalin aure, ya haƙura da sabuwar katifa, ya haƙa matmura, ramin da ake binne dawa a ciki ta shekara ba ta lalace ba.

A nan ne mata suke taka rawar da ba a cika faɗa ba. Su ke yanka kuɓewa su shanya ta zama weka, su shanya nama da albasa da tumatir lokacin da suke araha, don miyar watannin tsada. Su ke da adashi, da ake kira sanduƙ, kuma mace mai dabara kan nemi kwasarta ta faɗo daidai kaka, ta sayi hatsi ko tunkiya maimakon atamfa. Wasu suna dama godogodo na gero su sayar, mazansu kuma suna gasa agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan duka ci. A kwanakin hutu, da gari ya cika da baƙi, ciniki kan yi kyau. Bikin maƙwabci ya zama kasuwar mai agashe.

Dalilin da ya sa suka fi yarda da buhu da dabba a kan takardar kuɗi a bayyane yake. Dattijon Rusairis ya ga an sauya fam da dinari a 1992, ya ga an dawo da fam a 2007, ya ga darajarsa tana zubewa bayan man fetur ya tafi tare da kudu. A Disambar 2018 tsadar burodi ce ta fito da ɗalibai kan titi a Damazin, kafin Atbara ta kama, abin da ya ƙare da faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. A Disambar 2024 kuma aka fara canjin takardun fam 500 da 1000, aka ce sai ta asusun banki, a tsakiyar kaka, ga 'yan ƙodago suna jiran a biya su a hannu. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga banki ba suka koma ciniki ta wayar salula, ta manhajar Bankak.

Sai dai akwai abin da matmura ba ta karewa. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, an ƙara mata tsawon mita 10, aka buɗe a farkon 2013. Ruwa ya ci gonakin bakin kogi, aka kwashe ƙauyuka zuwa sababbin garuruwa da ake kira da lamba maimakon suna. A Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, ya taɓa Rusairis kanta, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira, suka bar shuka a gona. Ba su gama zama ba yaƙin Afrilun 2023 ya zo. Mako guda kafin Kirsimatin wannan shekara dakarun RSF suka shiga Wad Madani, garin da ya zama mafakar waɗanda suka tsere daga Hartum. A ƙarshen Yunin 2024 suka kama Sinja, hanyar Damazin ta yanke, har sai da soja suka karɓe garin a Nuwamba, suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025.

A waɗannan shekaru tafiyar Disamba ta daina zama ta ziyara. Gidajen da a da suke sauke baƙo kwana uku sai ga su da iyali biyu ko uku na wata da watanni, ana auna dawa da kwano safe da yamma. Tunkiyar da aka saya da kuɗin sanduƙ ita aka sayar aka biya lori, 'yan kunnen amarya suka tafi wajen maƙerin zinariya. Waɗanda suka isa Mai Wurno ko Damazin da kayan jikinsu kaɗai, ƙofar da suka fara ƙwanƙwasawa ita ce ta mutumin da suka taɓa kai wa ƙullin kuɓewa.