Na'urar Gano Ƙarfe A Ƙasa: Mai Sauƙi Ko Mai Maɓallai Da Yawa?

Ku sani a ƙasar Ingila da Amurka akwai mutane waɗanda sha'awarsu ita ce fita gonaki da bakin teku ran hutu, riƙe da wata sanda mai faifai a ƙarshenta, suna neman abin da mutanen da suka binne ko suka yar. Tun da aka ga zinariya a Jado cikin ƙasar Nijar a 2014, wannan na'ura ta shigo hannun fatakenmu, saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da zai ba da dukiyarsa a kai.

Asalin aikinta ɗaya ne, ko mai araha ko mai tsada. A cikin faifan nan akwai waya a naɗe. In wutar batir ta bi ta, sai ƙarfin maganaɗisu ya shiga ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da amsa, na'ura ta yi ƙara.

Mai sauƙi ba ta da nauyi, maɓallanta kaɗan ne, yaro ma ya koye ta a wuni ɗaya. Tana jin kwabo a zurfin taƙi ɗaya ko kusa da haka, tana kuwa iya ƙyale ƙusa da tsatsa. Aibinta shi ne, in ƙasa ta kasance marmara ce mai jan ƙarfe, ko rairayi mai gishiri, sai ta ruɗe ta yi ta ƙara ba gaira ba dalili.

Amma mai maɓallai da yawa, ita ana daidaita ta da irin ƙasar wuri har ta daina jin ƙarfen da ke gauraye da turɓaya. Tana nuna lamba a gilashi, wadda da ita ake kintatar azurfa ce ko tagulla ko murfin kwalba. Akwai kuma irin da ake yi domin zinariyar daji, kamar GPX ta kamfanin Minelab na Ostareliya, mai kai wa zurfi a jar ƙasa. Sai dai tana da tsada da nauyi, ba ta kuwa rarrabe ƙarafa sosai, mai ita sai ya haƙa kusan duk abin da ta yi wa ƙara. Jabunta kuma sun yawaita a kasuwa.

To, ga abin lura. A 2009 wani mutum a yankin Staffordshire ta Ingila, da tsohuwar na'urar da ya saya gwanjo, ya tono taskar mutanen da a gonar wani: zinariya wajen kilo 5, azurfa fiye da kilo 1. Aka kimanta ta fam 3,285,000, aka raba tsakaninsa da mai gona. Shekara da shekaru ya yi yana yawo da ita kafin wannan rana. Ashe sanin muryar na'ura da haƙuri sun fi yawan maɓalli. Wanda zai nemi tsofaffin kuɗi a ƙasa mai laushi, mai sauƙi ta ishe shi. Wanda ya nufi marmara ko bakin teku, shi ne tsadar ta wajaba a kansa. Wanda bai iya ƙarama ba, babba sai ta ƙara masa ruɗu, kamar almajirin da bai haɗa baƙi ba aka miƙa masa Muhtasar.

Saura hakki, wanda babu na'urar da ke nuna shi. Dokar Ingila ta 1996 ta ɗora wa wanda ya sami taska ya sanar da hukuma cikin kwana 14, ba a kuwa shiga gonar mutum sai da izininsa. Mu ma malamanmu na Malikiyya sun bambanta rikazi, wato binnen mutanen jahiliyya wanda ake fitar wa humusi, da tsintuwa wadda ake cigiyarta shekara guda. Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka tambayi zurfin da na'ura ke kai wa, tambayi ƙasar wa za ka haƙa, kuma na wane ne abin da zai fito. Allah shi ne masani. Wassalam.