Yadda Wayarka Ke Gane Halin Da Kake Ciki

Ka fito daga rumfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da tsakar rana, sai hasken wayarka ya ƙaru da kansa. Kira ya shigo, ka kara ta a kunne, sai fuskarta ta ɗauke don kada kumatunka ya danna wani abu. Wa ya gaya mata?

Wannan ita ce fasahar lura da yanayi, wadda Bill Schilit da Marvin Theimer suka raɗa wa suna a 1994. Manufarta na'ura ta daidaita kanta da mai ita, ba shi ya wahalar da jikinsa dominta ba.

Da me take ganewa?

A cikin wayarka akwai ƙananan sensa. Ɗaya tana auna haske, ɗaya tana jin kusancin fuskarka, wata tana jin motsi, GPS kuma yana nuna inda kake. Waya na haɗa bayanansu ta yanke hukunci.

Idonka

In an ɗauke wuta kana kallo cikin duhu, haske mai ƙarfi yana gajiyar da ido. Tun daga Android 9 na 2018, Adaptive Brightness na koyon irin hasken da kake so a kowane yanayi. A iOS 17 na 2023 kuma, Screen Distance na gargaɗinka in ka daɗe riƙe da waya kusa da fuska ƙasa da santimita 30.

Ranka

Tun 2017 iPhone ke iya gane kana tuƙi, ta danne saƙonni. Ga mai tuƙa Keke Napep daga Kawo zuwa Ahmadu Bello Way, waiwayen daƙiƙa biyu ya isa jawo hatsari. Kunna wannan tsari kafin ka tashi.

Abin da ya rage naka

Sensa ba za ta ɗaga maka kai ba. A 2014 likitan ƙashin baya Kenneth Hansraj ya lissafa cewa sunkuyar da kai digiri 60 na ɗora wa wuya nauyin kusan kilo 27. Ɗago wayar daidai idonka.

Sannan wayar da ta san inda kake za ta iya gaya wa wasu. Shiga saitin waya yau, ka duba manhajojin da ka bai wa izinin ganin wurinka. Manhajar tocila ba ruwanta da unguwarku.