Kafin ka miƙa wa yaro keken da aka ba ka kyauta

A unguwar Jamaica Plain da ke birnin Boston a Amurka akwai wani shagon gyaran keke da jarinsa kekunan da mutane suka gaji da su ne. Ƙungiyar Bikes Not Bombs ce ke riƙe da shi. Carl Kurz ya kafa ta a 1984, lokacin yaƙin Nikaraguwa, don a riƙa aika wa ma'aikatan lafiya da malaman makaranta na can abin hawa. Daga baya suka waiwayo kan yaran da ke kusa da su. Yaro zai zo ya zaɓi mataccen keke, a zaunar da shi na wasu makonni ana koya masa kwancewa da ɗaurawa, ranar da ya gama ya hau abinsa ya tafi gida. A Chicago ma akwai Working Bikes, wadda ta faro a 1999 da tsamo kekuna daga cikin tarkacen ƙarfen da za a narkar, irin kayan da 'yan jari-bola ke saye a nan wajenmu. Yanzu masu aikin sa kai ne ke gyara wasu a raba a cikin gari, sauran kuma a danƙara su a kwantena, kusan 500 a kowace babba, a tura Afirka da ƙasashen Latin Amurka.

Abin da ya sa na kawo labarinsu shi ne wata ɗabi'a ta irin waɗannan shaguna. Keken da aka kawo kyauta ba ya zuwa hannun yaro yadda ya zo. Sai an tantance shi tukuna: wannan zai gyaru, wannan a kwance shi a ɗebi kayan gyara, wancan kuwa ba abin da ya dace da shi sai narkarwa. Mai bayarwa ya yi niyyar alheri, amma niyya ba ta kama birki.

Mu kuwa, kawu ya fito da tsohon keken ɗansa daga ɗakin ajiya, ko uba ya tsinto na hannu a kasuwa da araha, sai a buga masa iska, a ce "ai yana tafiya", a miƙa wa yaro. Tafiya ba ita ce matsalar keke ba. Tsayawa ce.

Saboda haka a fara da birki. Matse na gaba ka tura keken, ya kamata tayar baya ta ɗaga. Matse na baya ka tura, ya kamata tayar ta ja ƙasa ba ta juya ba. In mariƙin birkin ya taɓo hannun keke kafin ya kama, waya ta saki ko roba ta cinye. Duba robar da idonka: keken da ya daɗe a ajiye robarsa kan ƙandare ta yi santsi, ga ta nan a zaune kamar sabuwa amma ba ta riƙe komai. Sannan, kuma nan ne manya ke yawan kuskure, a sa yaron da kansa ya matse. Birkin da babba ya ji daidai a hannunsa, yatsun ɗan shekara bakwai ba lallai su kai gare shi ba, balle su ja shi da ƙarfi. Tsofaffin kekuna masu rim na ƙarfe mai sheƙi kuma suna da wata illa da damina: da zarar rim ya jiƙe, birki sai ya yi ta sulɓi kafin ya kama.

Daga nan sai gangar jikin keken. Goge datti ka bi duk inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, musamman bayan wuyan keke. In ka ga fenti ya tattare ko ya tsage a wurin, ko ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun lanƙwashe sun koma baya, to keken ya taɓa yin karo da wani abu gaba da gaba. Irin wannan yakan karye ne ba sanarwa, kuma a kan gudu. Kada ka yarda da "za a ɗan taɓa shi da walda" in jikin na alminiyam ne, don mai waldar bakin titi ba shi da kayan da zai mayar masa da ƙarfinsa. Masu gyaran da suka san aikinsu ba sa jayayya a kan wannan. Su cire sirdi da feda da taya, sauran a kai wa masu sayen ƙarfe.

Akwai wani ɗan abu da ba a cika kula da shi ba, alhali likitocin yara sun daɗe suna magana a kansa: bakin hannun keke. Idan robar mariƙi ta yage, bututun ƙarfen ya fito fili da kaifinsa, yaro ya faɗi hannun ya juyo ya daki cikinsa, a waje ba za a ga komai ba sai ɗan zagayen shaida a fata, amma a ciki yana iya taɓa hanta ko saifa ko hanji. Toshe bakin bututun bai kai kuɗin kwalbar lemo ba. Yaron da ya faɗi irin wannan faɗuwa, ya fara kukan ciwon ciki ko amai, ko da bayan awoyi ne, a kai shi asibiti, kada a tsaya shafa man zafi.

Girman keke ma abin dubawa ne. Kekunan yara da faɗin taya ake auna su, inci 12, 16, 20 da 24, na manya kuma daga 26 zuwa sama. Iyaye na son sayen babba wai yaro "zai girma ya same shi", kamar takalmin Sallah. To kafin ya girma fa? Duk mun san yaron da ke zura ƙafa ta tsakiyar keken babansa yana tuƙi a karkace, ana yaba masa ƙwarewa. A tsayar da yaro a kan keken, ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai, ƙarfen tsakiya bai taɓa shi ba. In ba haka ba, a ajiye masa sai baɗi.

Sauran ba su da wuya. Ɗaga keken kaɗan ka sake shi ya dira, duk abin da ya yi ƙara a nemi notinsa a ɗaure. Girgiza taya gefe da gefe, in tana rawa boris ya ci ko ya saki. Tayar da gefenta ya tsattsage a canza ta ko da ƙirarta ba ta goge ba. Sarƙa a wanke ta a ɗiga mata mai kaɗan a goge. Baƙin man inji da ake laftawa, ƙurar hunturu yake tarawa ya cinye haƙoran da sarƙar ke hawa.

Hular kwano ita ce abin da ban yarda a karɓa na hannu ba sai an san tarihinta. Abin da ke cikinta an yi shi ne ya murƙushe sau ɗaya ya shanye bugun da kai zai sha. Wadda ta taɓa yin wannan aiki ta gama amfani, ko da ta waje ba ta nuna ba. Batun goyo kuma: ƙaramin yaro a kan kariya ƙafafu na reto, diddige ya shiga tsakanin wayoyin taya, raunin da ke biyo baya ba ƙarami ba ne. A yi masa wurin taka ƙafa da shamaki, ko a haƙura da goyon.

Sai maganar asalin keken. A ƙarƙashinsa, inda ƙarfen feda ya ratsa, yawanci akwai lamba da kamfani ya buga. A Amurka akwai rajistar intanet mai suna Bike Index inda ake binciken lambar don a gane ko na sata ne. Mai saye a kasuwa ya juya keken ya duba, ya sa a rubuta lambar a rasit. In an kankare ta ko an shafe ta da sabon fenti, ka bar musu kayansu, kada wata rana a tare ɗanka a hanya a ce ya faɗi inda ya samo.

Matasan unguwa ko kwamitin makaranta da ke sha'awar yin irin wannan aiki suna da misali kusa. A Ghana, Village Bicycle Project ta fara a 1999, tana karɓar kekunan da irin waɗancan ƙungiyoyi ke turowa. Ba rabawa kawai take yi ba: mutum ya zauna yini guda ya koyi faci da gyaran birki da kula da sarƙa, sannan ya sayi keken a kan rangwame. Suna kuma koya wa mata da 'yan mata hawa. Shawarar da zan ƙara ita ce, kada masu aikin sa kai su tsallake mai gyaran keken da ke zaune a gindin bishiya shekara da shekaru, da faci yake ciyar da iyalinsa. A je a same shi a ce, "Baba, muna so ka riƙa duba mana kowane keke kafin ya fita, ka kuma koya wa yaran nan riƙon sifana." A yanka masa ladansa a kan kowane keke, a rubuta lambar keken da sunan wanda aka ba a littafi, a ce wa yaron ya dawo da shi bayan wata ɗaya a sake jan wayar birki, don sabuwar waya tana miƙewa.