FASHIN BAƘI: Shiga gasar tsere uku da rauni a jiki, da abin da hakan ke nufi a fadamar Haɗeja

Akwai labarin da masu tseren daji ba sa gajiya da bayarwa. Lesley Paterson, 'yar ƙasar Sikotilan, ta je Kosta Rika don shiga gasar XTERRA. Ana gobe gasa ta faɗo daga keke ta karye a kafaɗa. Washegari ta shiga ruwa ta yi iyo da hannu ɗaya, ta fito a can baya, ta hau keke ta cike ratar, ta kuma kammala gasar ita ce ta ɗaya. Kuɗin gasar take buƙata. Ta shafe shekaru tana biyan kuɗin riƙe izinin mayar da littafin All Quiet on the Western Front fim, lokacin biya kuma ya ƙarato. Fim ɗin ya fito a 2022, ya ci kyaututtukan Oscar huɗu a 2023.

Ana ba da labarin ne a matsayin jarumta, kuma jarumtar ce. Sai dai abin da ya tura ta cikin ruwan nan rashin zaɓi ne, wanda duk ɗan dambe ko ɗan ƙwallon unguwa a Arewa ya san ɗanɗanonsa. Waɗanda suka yi irin wannan kasada ta ƙare musu da nakasa, ba a yi fim da labarinsu ba.

Wace irin gasa ce?

Tirayatlon tsere uku ne a jere ba hutu: iyo, keke, sannan gudu. An faro shi a birnin San Diego na Amurka a 1974, ya shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. Nau'insa na daji, wanda XTERRA ta yi fice a kai, ya soma a tsibirin Maui na Hawai a 1996. A nan babu kwalta. Ɗan wasa zai yi iyon kilomita 1.5 a tafki ko teku, ya tuƙa keke kusan kilomita 30 cikin duwatsu da laka, ya rufe da gudun kusan kilomita 10 a turbar daji. A 2022 aka mayar da gasar duniya ta XTERRA garin Molveno na Italiya. Afirka ma tana da nata gwarzon, Conrad Stoltz na Afirka ta Kudu, wanda ya ci kambun sau huɗu.

Wasan bai kafu a Arewa ba, amma wanda ya san ƙasar Haɗeja zai ga kamar don ita aka tsara shi. Ga kogi da rassansa, ga fadama mai taɓo, ga jigayin rairayi waɗanda jihar ta samo sunanta daga gare su. Matashin Guri ko Kirikasamma da zai haye ruwa a damina, ya tura keke da buhun shinkafa cikin yashi, ya ƙarasa kasuwa da ƙafa, ya gama tsere ukunsa ba tare da an ba shi lambar yabo ba. Gasar ruwa kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana tseren iyo da na kwale-kwale. Duk ranar da wata gwamnati ta ga damar shirya irin wannan gasa a kwarin Haɗeja, fili ba zai zama matsala ba. Matsalar tana wajen jikin ɗan wasa.

Ba duk ciwo ne ɗaya ba

Masu kula da lafiyar 'yan wasa suna bambanta gajiyar tsoka da rauni. Tsamin jiki bayan atisaye yana bin gaɓoɓi da yawa, yana sauƙi idan jiki ya ɗumama, yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Rauni kuwa yakan tsaya wuri ɗaya, mutum zai iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa da aiki, yana kuma sauya yadda mutum ke taka ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne tarkon. Mai targaɗe a idon sawu zai jingina nauyinsa kan ɗaya ƙafar, sai gwiwa ko ƙugu su biya bashin da ba su ci ba. A turbar daji, inda kowane taku ke sauka a sabon wuri, haɗin da ya riga ya saki ba ya iya riƙe jiki idan ƙafa ta goce.

Akwai raunukan da ba a sasantawa da su. Tsagewar ƙashi da yawan gudu ke haifarwa tana farawa siririya kamar gashi, hoton asibiti na farko ma yakan kasa ganinta, amma idan aka ci gaba da gudu a kanta tana iya zama cikakkiyar karaya. Buguwar kai ta fi wannan haɗari. Wanda ya faɗo daga keke ya ji jiri, ko ya rikice, ko ya yi amai, bai kamata ya koma gasa a ranar ba, domin bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta murmure yana iya yin mummunar illa. Shi kuma iyo da karyayyar kafaɗa, idan hannu ya ƙi aiki a tsakiyar ruwa babu wurin tsayawa a huta.

A garuruwanmu, mai karaya wurin maɗori yake fara zuwa, sau da yawa saboda shi ne kusa kuma shi ne mai sauƙin kuɗi. Babban haɗarin yana cikin ɗaurin da aka tsananta har ya hana jini gudu, abin da likitocin ƙashi a Najeriya suka daɗe suna dangantawa da ruɓewar gaɓa da yanke ta.

Ƙwayar kashe zafi

Mai rauni ba ya iya gasa sai ya rufe bakin ciwon, kuma a nan ne batun ya daina zama na Turawa. Hukumar ƙungiyoyin tseren keke ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun 2019, kuma a kansa aka ƙwace wa Nairo Quintana na Kolombiya matsayi na shida da ya samu a tseren Tour de France na 2022. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2024. Dalilin a fili yake: ƙwayar tana ɓoye zafi, tana kuma kawo jiri da kasala ga mutumin da ke gangarowa daga tudu a kan keke. A Arewa, inda NDLEA ke yawan kama mai ƙarfin miligiram 225 alhali na 50 da na 100 aka amince da su, ba sai an yi wa kowa bayanin yadda ake samunta ba.

Wanda mutane suka raina shi ne diklofenak da ibufirofen, waɗanda ake saye a kowane kyamis kamar alewa. Magungunan nan suna rage jinin da ke isa ƙoda. Mai tsere a zafin Afrilu ko Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Haɗeja, ya riga ya zubar da ruwan jikinsa ta gumi, tsokarsa kuma tana sakin sinadaran da ƙoda za ta tace. Haɗa ukun nan hanya ce sananniya ta jikkata ƙoda. A yankin da aka jima ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, daga Haɗeja har Gashuwa, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne, kuma ya shafi manomi da ɗan dako fiye da ɗan wasa.

Ruwan kansa

A 1998 masu gasar tirayatlon da dama sun kamu da cutar leftosfirosis bayan iyo a wani tafki a Springfield ta jihar Illinois a Amurka. Ƙwayar cutar tana fitowa daga fitsarin ɓera da dabbobi, tana shiga ta rauni ko ido ko baki. A Olamfik ɗin Faris na 2024, duk da dukiyar da aka zuba wajen tsabtace kogin Seine, sai da aka ɗage gasar maza da kwana ɗaya saboda ƙazantar ruwa.

Kwarin Haɗeja yana da nasa ƙarin: tsargiya. Tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ruwa mai kwanciya kuma shi ne gidan katantanwar da ke renon tsutsar cutar. Tsutsar ba ta jiran rauni, fata lafiyayya ma hudawa take yi.

Wa zai ce a tsaya?

Ɗan wasan da abincinsa ke rataye da kuɗin gasa ba shi ne zai hana kansa shiga ba. Shi ya sa a manyan gasanni ake ba likita ikon cire mutum ko da yana kan gaba, ake ajiye masu ceto a kan ruwa, ake gwada ruwan kafin a busa usur. A Najeriya, alhakin tsara irin wannan ƙa'ida ya koma hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya maido a Oktoban 2024 bayan rushe ma'aikatar wasanni, ya naɗa Shehu Dikko shugabanta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, Jigawa ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Tambayar da ta dace a yi wa duk mai shirya dambe, kokawa ko kofin ɗan siyasa a masarautar Haɗeja ita ce ko akwai ma'aikacin lafiya a filin, da kuma wanda zai biya kuɗin asibiti idan aka ɗauko yaro da karaya.