Mas'alar Yanke Bakin Saiwar Haƙori

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na Goron Dutse da kewaye, ku sani shari'a ta yanka diyyar haƙori guda raƙuma 5, kamar yadda ya zo cikin Risala. Abin da ke da wannan daraja bai kyautu a yi gaggawar kai shi ga wanzami ya tumɓuke ba.

A cikin kowane haƙori akwai siririn rami mai jijiya, ya gangara har bakin saiwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan haƙori ya ruɓe, ko ya bugu wajen faɗuwa, jijiyar kan mutu, mugunya ta taru a bakin saiwa. Kanumfarin Kurmi yana lafar da zogi, amma ba ya isa can.

Maganin farko, likita ya wanke ramin ya cike. Mafi yawa nan suke warkewa. Wanda aka yi wa haka amma ƙurjin dasashi bai bar tsatsa ba, ko saiwarsa ta karkace, ko an riga an kafa masa ƙarfe da hular haƙori, shi ke bukatar fiɗa.

Sifarta kuwa: a ɗauki hoton ƙashi, a yi allurar kashe zafi, mutum yana farke. A ɗaga dasashi, a buɗe 'yar kafa a ƙashi, a yanke bakin saiwa misalin milimita 3, a kwashe ruɓa, a toshe, a ɗinke. Cikin mako guda a cire zare, ƙashi kuma ya cike cikin watanni. Misalinsa soro ne da gara ta ci gindinsa: magini ya tone gurbin ya gyara, soro na tsaye.

Kada wani ya ce fiɗar haƙori baƙuwa ce ga Musulmi. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana fitar da karyayyar saiwa cikin littafinsa Attasrif, har ya zana kayan aikin. Wannan yankan kuwa, likitan Jamus Karl Partsch ne ya daidaita ƙa'idarsa a shekarun 1890.

A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko mai shan maganin tsinka jini, lalle ya gaya wa likita tun farko. Wanda kumburi ya gangaro masa ƙarƙashin haɓa, haɗiya ta yi wuya, kada ya kwana gida, domin yana iya toshe numfashi.

Ku lizimci asuwaki. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.